Babur ɗin da ba ya zuwa a kwali

Shagona ƙofa biyu gare shi. Ta gaba ita kowa ya sani, nan ake kawo Adaidaita Sahu da Boxer da roba-roba, a sauya ringi, a wanke kafireta, a ɗaure birki, mai abu ya biya ya kama gabansa. Da ita nake cefane, da ita nake sallamar yara 4 da ke aiki a hannuna. Ta baya kuwa 'yar rumfar kwano ce, inda injin walda da giranda da bais suke. A can nake ƙera babur, guda 2 ko 3 a shekara, kuma da lissafin riba nake bi da tuni na mai da wurin ma'ajiyar tayoyi.

Zaman banza ne ya jefa ni cikin wannan aiki. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a Kano. Mu da abincinmu ke jikin 'yan acaɓa muka wayi gari muna kallon juna. Wasu suka bi baburan zuwa garuruwan da ba a hana ba, wasu suka koma gyaran Adaidaita. Ni ma can na koma, amma kafin hannuna ya faɗa sai da na yi watanni ina kora ƙuda. Ana cikin haka wani dattijo ya turo mini tsohon Honda CG125 da ya shekara da shekaru jingine a zaure, ya ce in saya ko da a kuɗin ƙarfe ne. Tanki ya ci tsatsa, ɓeraye sun gama da kujera. Na wanke fulogi, na ɗiga mai a kafireta, na buga kik sau uku, sai ya yi tari ya tashi.

Wanda ya san injin nan ba zai yi mamaki ba. Honda ta fito da shi a 1975, kuma don irin ƙasashenmu ta yi shi, inda mutum zai ɗora wa babur kayan jaki ya manta da juyen baƙin mai. Sanduna biyu ke tura bawul, babu sarƙar taimin da za ta saki, matatar iskarsa soso ce da ake wankewa a mayar. Kamfanonin Sin sun kwafe shi sun cika duniya da shi, shi ya sa har gobe ba a rasa kayansa a kasuwa.

A wayar wani ƙanina na fara ganin abin da ake yi da irin waɗannan tsofaffin babura a waje. Da na bi diddigi sai na tarar abin tsoho ne. A Ingila, cikin shekarun 1950 da 1960, samari 'ya'yan talakawa kan taru a wani shagon shayi na Landan mai suna Ace Cafe. Ba su da kuɗin babur ɗin tsere, sai su kwance duk abin da ke ƙara wa nasu nauyi, su sauke kansa ƙasa, burinsu ya kai mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160. Wasu har injin Triumph suke ɗaukewa su dasa a firam ɗin Norton, su kira shi Triton. A Amurka ma bayan Yaƙin Duniya na Biyu haka aka riƙa yanke wa Harley-Davidson madigadi ana rage masa kaya. Na ce ashe 'yan uwana ne, masu ƙaramin aljihu da ƙaiƙayin hannu.

Aikin yakan fara da tuɓe babur tsirara, sai firam kawai. Wuyan firam, inda lambar sasi take, ba na kusantarsa da giranda, kuma babur ɗin da ba shi da takardu ba ya kwana a rumfata ko na wane ne. Baya nake yankewa, in lanƙwasa sabon bututu in yi wa kujera mazauni. A nan na yi kuskurena na farko. Don neman sauƙi na yi amfani da bututun ruwa da na tsinta a shago. Hayaƙin waldarsa kaɗai ya sa ni ciwon kai kwana biyu, ban ɗauki darasi ba. Sati uku da gamawa, ina kan hanyar Wudil, na faɗa wani rami, na ji ƙas a ƙarƙashina. Wajen da shokazoba ke kamawa ne ya tsage. Allah ya tsare, turo shi na yi har inda na samu mota. Tun daga ranar, baƙin bututu mai kauri nake zuwa in zaɓa da kaina a Ƙofar Ruwa, kuma duk inda zan haɗa biyu sai na zura guntun ƙarfe a ciki ya riƙe bakin nan da bakin can kafin in kunna wuta. In na gama, zare nake ja daga tayar baya zuwa ta gaba. In ba su hau layi ɗaya ba, fenti komai kyansa ba zai hana babur tafiyar kaguwa ba.

Tanki shi ne inda raina yake. Da kwali nake fara yanka siffarsa, in ɗora a firam, in koma nesa in tsuguna in duba, in dawo in rage. Sai na gamsu nake zana shi a kan falankin ƙarfe. Wani tsohon turmi na mahaifiyata da ya tsage a gefe, shi ne maƙerata. A bakinsa nake ɗora ƙarfen ina bugu da gudumar katako, kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe, har ya yi ciki. Gefe ɗaya kan ci mini kwana uku, kuma wahalar duk tana ga na biyun, don dole ya zama tagwayen na farko. Da wutar kabayit nake haɗa su, ɗigo nan ɗigo can, saboda in ka bi layi ɗaya da zafi ƙarfen murɗewa yake. Daga nan a toshe baki, a hura iska da famfon keke, a shafa ruwan sabulu a duk layin walda. Inda kumfa ta taso, nan mai zai bi.

Tsohon tanki kuwa, doka ɗaya ce da na gada wurin maigidana. Wata rana na shigo na tarar da ƙaramin yarona ya ɗauko wani zai like ɓula, ashana na hannunsa.

"Oga, ai babu mai a ciki, tun jiya na juye."

Na ce, "Sa hancinka a bakin."

Ya sunsuna ya kau da kai. Na ce masa wannan warin shi ke fashewa, ba man ba. Sai an wanke da ruwan zafi da omo sau da yawa, an cika shi da ruwa har kusa da wurin likin, an bar murfi a buɗe. Maigidana yana da tabo daga haɓa har kunne, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Da farko kwafar hotunan waje nake yi ido rufe, ƙasar nan ce ta gyara mini zama. Su suna cire akwatin matatar iska su maƙala 'yar ƙarama a bakin kafireta don kyau. Na yi haka, hunturu ɗaya ƙura ta cinye ringi, babur ya koma hayaƙi. Suna cire murfin sarƙa, mu kuwa mai babur da doguwar riga zai hau ranar Juma'a, kuma na ga abin da sarƙa ke yi wa shadda, da ƙafar da ke cikinta. Kan babur da suke saukewa har mutum ya kwanta a tanki, a titinsu mai santsi ne. Yi haka daga Kurna zuwa Bata ka ji yadda bayanka zai yi. Yanzu nakan bar murfin sarƙa da madigadi, sai dai in ƙera su sirara, in ɗaga kai daidai yadda mutum zai zauna da mutuncinsa.

Ƙarfe dai in ka bi shi a hankali yana jin magana. Mutane ne sai a hankali. Ranar wata Lahadi na hau babur na farko da na ƙera na je inda masu manyan babura ke haɗuwa, masu injin da girmansa ya kai cc 600 da 1000, kowa da rigar fata da hular kwano mai tsadar da ta fi babur ɗina. Suka kewaye shi. Ɗaya ya ce, "Malam, wannan wane kamfani ne?" Na ce ƙirar hannuna ce. Ya ce cc nawa? Da na ce 125 sai ya juya wajen abokansa, "Ashe acaɓa ce ta yi kwalliyar salla." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. A wurin da yawansu darajar mahayi tana ga girman injinsa da kuɗin da ya zuba, alhali wani ko sarƙarsa bai iya ɗaurewa ba. Na so in ce kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara, sai na haɗiye. Wani mai furfura a cikinsu ne bai yi dariya ba. Tsugunawa ya yi ya bi layin waldar da yatsa, ya tambaye ni awa nawa tankin ya ci. Kuma gaskiya ɗaya ce, ta wajen kare kai sun fi mu. Mu ne fa da aka matsa dokar hular kwano a farkon 2009 wasunmu suka kifa ƙoƙo a ka.

Samarin unguwa nasu daban ne. Su ba ruwansu da walda ko tanki, magana ɗaya ce, "Oga, a buɗe masa murya." A huda salansa, a cire raga, a je ɗaurin aure ana ɗaga tayar gaba ana tayar wa tsofaffi da hankali. Nakan gaya musu in ka buɗe salansa ba ka taɓa jet ɗin kafireta ba, iska ta rinjayi mai, fulogi ya yi fari, injin ya riƙa zafi har ya ƙone bawul. Ba sa ji. Wani har cewa ya yi in cire masa birkin gaba don kan babur ya yi fayau kamar na hoto. Na ce ya nemi wani shagon. Su ne suka ja mana, duk wanda aka gani a kan babur da ba a saba gani ba sai a yi masa kallon ɗan iska. Akwai wanda na ƙera wa, da zai je gaida surukai sai da ya ari roba-robar maƙwabcinsa.

Abokan sana'a kuma tausayina suke ji. In na faɗi farashi, mai saye ya ce, "Da wannan kuɗin ai sabo zan ciro a kwali." Ba ƙarya ya yi ba, kuma nakan ce masa ya je ya ciro, zai fi masa kwanciyar hankali. Wata 4 na aikin dare ba ya fita a kuɗin Boxer. Masu sayen nawa 'yan kaɗan ne, yawanci wanda mahaifinsa ya bar masa tsohon Roadmaster ko CG yana son ya sake jin ƙararsa.

Laifi tudu ne, ni ma na taka nawa. Bara wani bawan Allah daga wajen Ɗambatta ya tsaya a ƙofar gaba da Boxer, kariyarsa, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, ta karye. Kujera ta sha leda mai tuntaye, madubi huɗu, an rubuta kirari a madigadi. Na ce wa yara a gaban idonsa, "Ku zo ku ga kantin kwalliya." Suka yi dariya, shi ma ya yi. Da na sunkuya zan duba karayar sai na ga shokazoba huɗu ne a baya, biyu kowane gefe, an ƙera musu mazauni da kyau. Sifok ɗin tayar baya masu kauri ne, ba na kamfani ba. Sufuroket ɗin baya, wato faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, ya fi na asali girma, don babur ya ja kaya a yashi ko da gudu ya ragu. Na ce wa ya yi masa wannan? Ya ce, "Ni da maƙerin garinmu, Malam. Buhu uku nake ɗaukowa ranar kasuwa, in ba haka ba ba ya kai ni."

Na sa aka shigar da babur ɗin rumfar baya, inda ba na kai aikin gyara. Na yi masa sabuwar kariya da baƙin bututu, na zura ƙarfe a kowace mahaɗa. Kafin ya tafi na roƙe shi ya bar ni in auna mazaunin shokazoban nan, na zana a kwali. Kwalin na rataye a jikin ƙusa kusa da turmi, don akwai wani mai kai madara da ya yi mini maganar irinsa bayan salla.