Ƙas

Asabar, sha biyu saura na dare.

Kowa ya kwanta sai ni a falo. Ƙeyata na zugi, amma da ita kaɗai ce da tuni na yi barci. Wata 'yar ƙara ce ta maƙale mini a kunne tun wajen ƙarfe ɗaya na rana, ƙas, kamar an ɗalli kofin tangaram da farce. Na yi wanka da ita, na ci tuwo da ita, har a sallar isha'i sai da ta biyo ni raka'a ta uku.

Ga shi kuwa ranar ta fara da daɗi. Ana idar da asuba Kawu ya yi hon a ƙofar gida, abin da Maman yara ta roƙe shi sau ba adadi ya daina saboda maƙwabta. Ta ƙunsa mana ƙosai da fulas ɗin shayi, muka ɗauki hanyar zuwa fatsa. Kafin bakwai muna Fort Hunter, sama kaɗan da Harrisburg a jihar Pennsylvania ta Amurka, hazo kwance a kan kogin Susquehanna, gadar jirgin ƙasa ta Rockville na leƙowa da bakunanta na dutse. Guda 48 ne, Kawu sai ya faɗa duk zuwa, tare da cewa tun 1902 take tsaye. Ruwa ya ja baya sosai. Kogin nan faɗi gare shi kamar ba shi da ƙarshe, amma a wurare da yawa iyakarsa cinya, duwatsu a shimfiɗe a ƙasa layi-layi.

Na fito da sandata ta fatsa mai lamba 5, wadda nake ji da ita. Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Wannan tsinken sakace za ka kai wa bas?" Bas shi ne kifin da muka zo nema. Ya buɗe bayan mota ya miƙo mini tasa mai lamba 8. Wata koriya ce da ya haɗa da hannunsa a hunturun da aka yi masa aikin gwiwa, ya ɗaure zobban ɗaya bayan ɗaya da zaren siliki yana zaune a kujera. Ban taɓa ganin ya ba wani ita ba. Na sa hannu biyu na karɓa, har da ɗan rusunawa.

Dalilinsa a fili yake. A fatsar da muka sani a gida, dalma ce ke jan zare, ka wurga ta tafi da shi. A wannan sana'ar igiyar ce mai nauyi, ita ake jefawa, ƙudan ƙaryar da ke bakinta fasinja ne kawai. Lambar da ke jikin sanda nauyin ƙafa 30 na farkon igiyar take nufi: lamba 5 wajen giram 9, lamba 8 kusan giram 14. To in fasinja ya yi wa mota nauyi, ai sai ya karɓe sitiyari. Ƙudan da Kawu ya ɗaura mini yau ba irin 'yan mitsi-mitsin da na saba da su ba ne. Clouser ne mai tsawon ɗan yatsa, gashin wutsiyar barewa tsanwa da fari, da idanu biyu na dalma a ɗaure kusa da kan ƙugiya. Idanun ne ke nutsar da shi su kuma kifar da shi, tsinin ƙugiya ya kalli sama, don kada ya riƙa kama duwatsu. A kogin nan aka haife shi ma, Bob Clouser na Middletown ya ƙirƙiro shi a 1987 saboda bas mai ƙaramin baki, shahararren masunci Lefty Kreh ya raɗa masa suna ya kuma kama kifi sama da iri 80 da shi. Kawu na ba da wannan tarihi kamar su biyun 'yan unguwarsu ne a Yauri.

Jifan farko, igiya ta zube a gabana kamar taliya. Na biyu haka. Na uku na ce bari in sa ƙarfi. Ban san lokacin da abin ya taso daga baya ba, sai ji na yi tau a ƙeya, hula ta faɗa ruwa, idona ya kawo hawaye. Kawu ya yi dariya har sai da ya dafa gwiwarsa mai ciwon. Da ya gama ya zo ya duba, ya ce ba jini, ya ce in gode wa Allah da ya matse ƙayar ƙugiyar da filaya tun a mota, kuma kada in kuskura in cire tabarau ko da hazo ya rufe shi.

Sannan ya tsaya ya koya mini, kuma wallahi Kawu ya iya koyarwa in ya ga dama. Duk abin da na wahala na koya bara, ya ce in ajiye shi a gefe. Da ƙaramin ƙuda ana so ka ja sanda baya ka tsayar da ita cak, ka jira igiya ta miƙe, ka turo gaba ka sake tsayarwa cak, lanƙwasar igiyar ta fita siririya. Da mai dalma kuwa, kana tsayawa cak sai ya tafi da gudunsa ya kai ƙarshen zare, ya yi tsalle ya dawo, igiya ta saki. In ka turo gaba a wannan lokacin ba abin da kake ja sai iska, shi kuma ya biyo ta ƙasa-ƙasa, daidai kanka ko daidai sandar.

"Ka taɓa ganin mai birgi, ragar nan ta jefawa, ya tsaya a tsakiyar lilo?" in ji shi. "In ya tsaya ai dalmar a ƙafarsa za ta sauka."

Ya karɓi sandar ya nuna. Ya fara jawo igiya har ƙudan ya taso kusa da saman ruwa, don ba a fizgo shi daga zurfi. Ya kai sanda baya ta gefe, ƙasa-ƙasa, ya zagayo da ita sama ba tare da ya dakata ba, ya turo gaba ta saman kai, hannun hagu na jan igiya a tafiya da dawowa. Kamar yana zana ƙwai a iska. Jifan Beljiyam suke ce masa. Igiyar ba ta saki ko sau ɗaya ba, lanƙwasar ta fita da faɗi, ba kyan gani, amma ƙudan ya wuce can nesa da kansa ya sauka ɓul a bayan wani dutse. Ya rage mini zaren gaba ya dawo kamar ƙafa 6, mai kauri, ya ce dogon siririn zare ba ya iya juya wannan kaya. Ya ce in daina kaɗa igiya a sama sau biyar kamar mai korar kaji, sau ɗaya baya, sau ɗaya gaba, in saki. In nufi saman bishiyoyin tsallake, kada in nufi ruwa. Kuma in iska ta dawo tana bugun kafaɗar dama, in juya in jefa ta saman kafaɗar hagu, ko in ba wurin baya gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen sau biyu ya faɗa.

Wajen goma abin ya fara zama. Akwai wani daɗi da ake ji in nauyin bai bar hannunka ba tun daga farko har ƙarshe, kamar kana lilo da guga cike da ruwa. Sha ɗaya saura na kama guda, inci 15 a ma'aunin Kawu, ruwan tagulla, jan ido, ya yi tsalle sau biyu kafin ya sallama. Muka ɗauki hoto muka sake shi, don a wannan yanki na kogin doka ce, bas ba ya zuwa gida. Na ci ƙosai a tsaye cikin ruwa ina jin kaina wani ƙasaitaccen masunci.

Bayan nan Kawu ya gangara ƙasa, tazarar da sai an ɗaga murya. Iska ta juya. Na ji ta a kunnen dama sarai, ba zan ce ban ji ba. Sai ga ƙananan kifaye suna watsewa a saman ruwa gefen wani dogon dutse, alamar babba na korarsu, nesa kaɗan da inda jifana ke kaiwa. Kwaɗayi ya hau ni. Na manta ƙwai, na manta birgi, hannuna ya koma tsohon halinsa, na fizga baya na tsaya cak na turo da ƙarfin tsiya.

Ƙas.

Na jawo sandar na duba. Kamar taƙi biyu ƙasa da tsini, tsakanin zobe da zobe, ga wani ɗan farin tabo a jikin koren fenti, bai kai ƙwayar gero ba. Na goga da yatsa bai fita ba. Na bi da farce, farcen ya tsaya a wurin.

"Lafiya dai?" Kawu ya ƙwalo daga can.

"Lafiya lau, Kawu!"

Ita ke nan maganar. Har da ɗaga masa hannu na yi. Na ci gaba da jifa kusan awa guda, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali, kuma abin haushi jifan da na yi a wannan awar ya fi na duk ranar kyau.

Da muka fito ya karɓi sandar ya raba ta gaɓa-gaɓa, yana goge kowace da tsumma kamar kullum. Na tsaya ina fama da igiyar takalmi wadda ba abin da ya same ta. Ya goge ta saman, ya zura ta a jakarta, bai ce komai ba. Ban ga ko babban yatsansa ya tsaya a wurin ba, don ban iya kallo ba.

A mota, muna wuce gadar, haka kawai ya ɗauko zancen yadda sanda ke karyewa. Wai girafait, abin da ake ƙera sandar da shi, ba ya karyewa ranar da aka ji masa ciwo. Dalma ta ɗan ƙwarzane shi, ya yi shiru, sati biyu, wata uku, sai ranar da babban kifi ya lanƙwasa shi ya ɓalle daidai wurin, mutum ya yi ta zagin kifi ko kamfani. "Alhali tun tuni aka kashe ta," in ji shi, yana kallon titi. Na ce, "Ikon Allah." Ikon Allah fa na ce! Sai ya kunna rediyo.

Tun ɗazu nake juya wannan. Ko ya gani ne yake buɗe mini ƙofa in shigo da kaina, ko kuwa hirar masunta ce kawai irin wadda yake yi duk Asabar. Kawu ba ya kama mutum da laifi kai tsaye, sai dai ya ajiye maka magana a gefen tabarma ya tashi. In ya gani, to ya san na yi ƙarya sau biyu, a ruwa da a mota. In bai gani ba, ranar Talata zai koma shi kaɗai, kuma ba inda zai kai ta a canza masa gaɓa, tunda ba kamfani ne ya haɗa ta ba. Kuɗi ba su dame ni ba, ko nawa ne zan biya. Bakin da zan buɗe in ce "Kawu, ɗazu da kuka tambaya" shi ne ya yi mini nauyi.

Ina aji huɗu na taɓa karya eriyar rediyon Baba, na jona ta na jingine yadda take. Da yamma Yaya ya zo ɗauka ta faɗo a hannunsa, shi ya sha dukan. Shekara talatin ke nan ban faɗa masa ba, kuma na san yana karanta shafin nan. To, Yaya, ga shi ka ji.

Hajiya ta kira bayan la'asar, ta ga hoton. Ta ce ina kifin, na ce mun sake shi. Ta yi shiru, ta ce a ba ta Maman yara.

Takalmin makarantar Auta ya matse, na uku a bana. Fitilar man inji ta sake kamawa. Wandon roba na rataye a banɗaki yana ɗiga, an riga an yi mini magana a kai.

Ɗazu na ga Kawu a kan WhatsApp, na rubuta, "Kawu barkanku da dare, kun kwanta?" Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Ido biyu. Yaya ƙeyar?" Na ce da sauƙi. Ya turo hoton babban yatsa. Na rubuta dogon bayani na goge, na rubuta gajere na goge. Har yanzu yana nuna yana kan layi, ban san me yake yi ba a wannan tsohon daren, mutumin da tara ke yi masa a gado.

Gobe akwai suna bayan azahar, tare za mu zauna, ni ne ma zan ɗauko shi.