Daga Wusasa zuwa Ingila: yadda zumuntar Kirista take a ƙasar da ta rage zuwa coci

Kiristan da ya tashi a Zariya ya saba zama cikin marasa rinjaye, amma maƙwabtansa masu addini ne. Mai shagon Tudun Wada ya san Lahadi ba za ka zo da safe ba, kai ma ka san ƙarfe nawa yake rufewa ranar Juma'a, kuma babu wanda zai yi mamaki don ka ce "in Allah ya yarda". A Ingila lissafin ya sha bamban. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46.2 cikin ɗari ne na mutanen Ingila da Wales suka kira kansu Kirista, bayan a 2011 sun kai kashi 59.3, waɗanda suka ce ba su da addini kuma sun haura kashi 37. Ƙasar da ta turo Likita Miller da 'yan mishan ɗin da suka kafa Wusasa ke nan, waɗanda a zamaninsu aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa a 1929, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Yau tsofaffin majami'u da dama a can sun koma gidajen haya ko wuraren cin abinci.

Babu wanda zai tsananta maka. Halin ko-in-kula ne zai tarbe ka, kuma shi ya fi saurin cinye bangaskiya, don ba ka ganin abin da za ka yi tsayayya da shi. Jadawalin aiki kaɗai ya isa. Nas ko mai aikin kula da tsofaffi yana yin awa goma sha biyu a tsaye, a wurare da yawa kuma kuɗin Lahadi ya fi na Talata. Wanda ya ciwo bashin biza da jirgi daga gida zai ce bari ya karɓi Lahadi huɗu kawai ya rage nauyi. Huɗun nan ne suke zama wata shida. Maganin abin tun makon farko ake yinsa: ka rubuta wa mai tsara jadawali cewa kana roƙon Lahadi biyu a wata, kuma a shirye kake ka ɗauki Asabar ko dare a madadinsu. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna maka bambanci saboda addini, amma ba ta ba ka Lahadi kyauta ba, don haka musaya ta fi rigima amfani. Abokin aiki Musulmi mai neman Juma'a shi ne abokin cinikinka na farko, kamar dai a asibitin koyarwa na Shika.

Sai zaɓen ikkilisiya. Sabon zuwa yakan nufi cocin 'yan Najeriya, kuma da dalili: akwai ganga, akwai shinkafa, akwai wanda ya san inda ake sayar da daddawa da kuka. Sai dai yawancinsu Yarabawa ne ko Ibo, sujada da Hausa kuwa ba kasafai ake samunta kusa ba, shi ya sa zumuntar Hausa takan koma ta WhatsApp ko taron gida sau ɗaya a wata. A ganina wanda ya tsaya a nan kaɗai ya yi asara. Ka leƙa cocin unguwarku. Za ka tarar da mutum talatin ko arba'in, galibi masu furfura, wata tsohuwa a bakin ƙofa tana miƙa littafin waƙoƙi, sujada awa ɗaya cif, waƙoƙin kuma da yawa muryarsu ɗaya da waɗanda ka haddace da Hausa tun makarantar Lahadi. Bayan an tashi ana shan shayi da biskit a bayan ɗaki. Kada ka wuce wannan shayin. A nan ne ake tambayar sunanka, a nan ake samun wanda zai ba ka tsohuwar rigar sanyi ko ya rubuta maka takardar shaidar hali wurin mai gidan haya.

Abin da ya sa ikkilisiya take fita daban a can ba ƙarar lasifika ba ne. Ƙasa ce da kaɗaici ya dame ta har gwamnati ta naɗa minista a kansa a 2018. Mutum zai shekara goma bai san sunan na ƙofar kusa ba, ziyara kuma sai da alƙawari. Abin da muke ɗauka ba komai ba a Zariya, wato gaida mara lafiya, kai abinci gidan mai jego, zaman makoki, irin aikin da Zumuntar Mata take yi ba tare da an roƙe ta ba, shi ne abin da yake tsayar da Bature ya tambaya ku su wane ne. Rumbunan abincin taimako na ƙungiyar agaji ta Trussell, waɗanda suka fara a garin Salisbury a 2000, da yawansu a cikin majami'u suke, kuma kullum suna neman hannu. Awa biyu a mako kana jera gwangwanaye za su haɗa ka da mutanen gari fiye da shekara guda kana raba takardun bishara a tasha.

Ga inda 'yan'uwa suke tuntuɓe. A wurin aiki, ƙa'idar nas-nas ta hana cusa wa majiyyaci ra'ayinka na addini, kuma an sha korar mutane a kan haka. In majiyyacin ne ya roƙi addu'a, asibitocin gwamnati na NHS suna da limamai na addinai daban-daban, ka kira masa. Ko sarƙar gicciye tana iya zama magana: a 2013 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba wata ma'aikaciyar kamfanin jirgin sama gaskiya a kan sa ta, amma a hukunci guda ta ƙi ba wata nas, saboda dalilin tsaron lafiya a ɗakin majinyata. Kwanan addu'a a gidan haya kuwa, daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe maƙwabci yana da damar kai ƙarar hayaniya ƙaramar hukuma. Duk mai son koyar da yara a makarantar Lahadi sai an yi masa binciken DBS, wato duba ko yana da tarihin aikata laifi, ko da shi dattijon ikkilisiya ne a gida. Kada ya ji an raina shi, har fasto ana yi wa.

Tarbiyyar yara ita ce ta fi kawo kuka. Scotland ta haramta dukan yaro gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma duka mai barin tabo laifi ne, malamin makaranta kuma dole ne ya kai rahoto in ya ga alama. Bulalar da aka tashe mu da ita a bar ta a filin jirgin Kano. Abin da ya rage shi ne zama da yaro, addu'ar yamma ta minti goma, da yin Hausa a gida, domin yaron da ya rasa harshen ba zai iya hira da kakarsa ta Wusasa ba, ita kuwa rabin tarbiyyar tana bakinta.

Akwai kuma abin kunyar da ya kamata a faɗa. Takardar ɗaukar nauyi da mai ba da aiki yake bayarwa don neman bizar aiki ba ta sayarwa ba ce, amma an karɓi miliyoyin naira a hannun mutane a kanta, wani lokaci ta hannun wanda ake zama benci ɗaya da shi a coci, suka iso suka tarar babu aikin. In aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba ma'aikaci ya sami wani ko ya bar ƙasar, bizarsa kuma ba ta ba shi damar karɓar tallafin gwamnati. Tun Yulin 2025 ma an rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, saboda haka duk wanda ya yi maka wannan tayin a Sabon Gari yanzu, riƙe kuɗinka. Ikkilisiyar da ta san abin da take yi tana ware wani kaso na baiko don irin waɗannan, tana da mutum biyu masu sa hannu a asusu, ba fasto shi kaɗai ba, kuma tana hana dillancin biza a cikinta ƙiri-ƙiri. Mai biyan haraji ya cika takardar Gift Aid, gwamnati za ta ƙara wa cocin kashi 25 cikin ɗari a kan abin da ya bayar. Mai saukar da baƙo kuma ya duba yarjejeniyar hayarsa, don kwana kaɗan ba laifi, amma watanni ba da sanin mai gida ba na iya jawo a kore su duka.

Disamba ce jarrabawar farko. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, jiki ya mutu, mutum ya fara janyewa daga jama'a. Hukumar lafiya tana ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikrogiram 10 kullum, duk shekara. Ranar Kirsimeti kanta babu jirgin ƙasa, bas ma sai ɗaiɗaiku a wasu garuruwa, manyan kantuna a rufe, kowa yana cikin gidansa da iyalinsa. Tun farkon wata a rubuta sunayen ɗalibai da marasa iyali, a san mai motar da zai ɗauko kowa, a yi cefane kafin ranar 24. Al'adar aika wa maƙwabta abincin Kirsimeti tana aiki a can ma, sai dai a ƙwanƙwasa ƙofa da rana, a rage barkono, kuma a faɗi abin da ke ciki. Miyar taushe da yajin tsire duk akwai gyaɗa, a cikin maƙwabtan kuwa akwai waɗanda ƙwaya ɗaya take kai su asibiti.