Dunrobin: sarautar da mata suka ɗauko, da mutumin da ke kan tsauni

Tun jirgin ƙasa bai shiga garin Golspie da ke arewacin Sikotilan ba na hango shi. Wani abu ne tsaye cak a ƙololuwar tsauni, shi kaɗai, ya ba tuddai baya ya fuskanci teku. Na ɗauka ƙarfen sadarwa ne. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Inverness, wanda shi ya ja ni wannan tafiya, ya leƙa ta taga ya ce, "Kawu, ai mutum ne. Duke na Sutherland na farko ke nan. Mutanen nan Mannie suke ce masa." Mutum-mutuminsa yake nufi, Duke kuma babbar sarauta ce ta Birtaniya. Ma'anar sunan ɗan ƙaramin mutum. Daga baya na ji tsawonsa, har da ginin da ya taka, ya kai mita 30. Na ce lallai mutanen nan sun iya habaici.

Sama da awa biyu muka yi daga Inverness, don layin dogon ba ya miƙewa. Sai ya bi gaɓar ruwa ta Dingwall da Tain, ya kutsa cikin tuddai har Lairg, sannan ya sake gangarowa teku. A wannan kewayen ne na fara lura da abin da zai dame ni har ƙarshen tafiyar: ƙasa ce shimfiɗe, ga ruwa ga ciyawa, amma ba mutane. Tumaki ne birjik, farare, sai kufai jefi-jefi, duwatsun gini a zube.

Ba mu sauka a Golspie ba. Gaba kaɗan akwai wata 'yar tasha mai suna Dunrobin Castle, wadda jirgi ba ya tsayawa sai an nema, kuma da bazara kawai take aiki. Yaron ya gaya wa kwandasta tun da wuri. Asalinta tashar gidan sarautar ce su kaɗai, domin Duke na uku ne ya shimfiɗa wannan yanki na dogon da kuɗin aljihunsa. Mutum ya gina gida, ya kuma jawo jirgin ƙasa har ƙofar gidan. Mu uku muka sauka, da wata tsohuwa mai sanda.

Gidan Dunrobin kuwa, in ka tsaya a lambu ka ɗaga kai, sai ka ce a Faransa kake. Fari ne fes, da hasumiyoyi masu tsini kamar malafa, ɗaki 189. Wanda ya ba shi wannan siffa a tsakiyar ƙarni na 19 shi ne Charles Barry, maginin da ya zana majalisar dokokin Birtaniya a Landan. Amma tsohon ginin kagara na ƙarnonin baya yana nan a ciki, sabon ya haɗiye shi. Gidan ya ga rayuwa: ya zama asibitin sojan ruwa lokacin yaƙin duniya na farko, gobara ta ci shi a 1915, ya zama makarantar kwana ta maza daga 1965 zuwa 1972, yanzu kuma irinmu ne ke sayen tikiti muna zaga shi.

Ni ba kujeru da kwanukan azurfa suka kai ni ba. Salsala na je bi. Ina da wannan cutar tun ina yaro, in na ga gidan sarauta sai na ji wa ya haifi wa, wa ya gaji wa.

Sunan Sutherland kansa abin dariya ne. Ma'anarsa ƙasar kudu, alhali kusan ƙarshen arewacin Sikotilan ce. Mutanen Norway da suka mallaki tsibiran Orkney ne suka raɗa mata, su kuwa daga inda suke kudu take. Kakan gidan ma baƙo ne, wani mai suna Freskin, wanda ake danganta asalinsa da Flanders, da Sarki David na ɗaya ya ba shi ƙasa a Moray a ƙarni na 12. Zuriyarsa suka matsa arewa, har wajajen 1230 aka naɗa William de Moravia Earl na Sutherland na farko, sarautar da ke ƙasa da Duke a daraja. Daga shi zuwa wanda ke kai yau an lissafa 25, shekara kusan 800. Har sun taɓa leƙa gadon sarautar ƙasar baki ɗaya: Earl na biyar ya auri Margaret, 'yar Sarki Robert Bruce, ɗansu John ya zama wanda ake yi wa kallon magaji, sai annoba ta ɗauke shi a Ingila a 1361 yana can a matsayin jingina.

Abin da ya tsayar da ni shi ne, sau uku maza suna ƙarewa a gidan, sau uku mace ce ke ɗaukar sarautar ta tsallakar da ita, kuma dukansu uku sunansu Elizabeth. Na tambayi wata ma'aikaciya da ke tsaye a ɗakin hotuna ko na fahimta daidai, ta ce haka ne, tsofaffin sarautun Sikotilan da yawa mace tana gadonsu idan babu ɗa namiji. Ba riƙon ƙwarya ba, ba albarkacin miji ba. Ita ce mai sarautar, Countess ake ce mata. Na tuna Magajiyoyin Daura, na yi shiru.

Ta farko ta gaji ɗan'uwanta a wajajen 1515. Mijinta Adam Gordon ne, daga gidan Huntly mai ƙarfi, don haka sarautar ta koma hannun Gordon har tsawon ƙarni biyu da rabi, ba tare da an canja mata suna ba. Ba a ruwan sanyi aka yi ba, don akwai ɗan ubanta da ya ja da ita, ya kuma rasa kansa a kai.

Ta biyun ita ce labarin. An haife ta a 1765. Tana da shekara ɗaya iyayenta biyu suka rasu a Bath, zazzaɓi ya kwashe su a jere. Jaririya ga ƙasa mai faɗin gaske, ai sai dangi suka taso. Sir Robert Gordon na Gordonstoun ya ce shi ne namijin da ya fi kusa ta wajen Gordon. George Sutherland na Forse ya ce shi ne jinin maza na asalin gidan. Aka kai magana Majalisar Dattawan Birtaniya. Masu kula da yarinyar suka tono tsofaffin takardu, suka kafa hujja da waccan Elizabeth ta farko: tunda mace ta taɓa gada, babu abin da zai hana wannan. A 1771 aka yanke hukunci, yarinya 'yar shekara biyar ta yi nasara. Na daɗe gaban hotonta. Kyakkyawa ce, fuska a sake. Har na ji ina taya ta murna, marainiyar da ta kayar da manyan maza.

Yaron ya ce, "Kawu, bari sai ka ji ƙarshen."

A Edinburgh ta tashi wajen kakarta, nesa da mutanenta masu yaren Gaelic. A 1785 ta auri wani Bature ɗan Ingila, George Granville Leveson-Gower. Ka ga yadda aka rubuta sunan, amma Luson Go ake faɗa, kada ka tambaye ni dalili. A 1803 ya gaji mahaifinsa a sarautar Marquess na Stafford, a shekarar kuma ya gaji kuɗin shigar magudanar jiragen ruwa ta Bridgewater daga kawunsa, ya zama cikin mafi arzikin mutanen Birtaniya. Ita da ƙasa, shi da kuɗi. Suka duba kwarurrukan Sutherland, suka ga talakawa masu 'yan shanu da gonakin dankali, hayar da suke biya ba ta taka kara ta karya ba, ga yunwa na zagayowa lokaci-lokaci. Ulu kuwa yana tsada. Shawarar da aka yanke ita ce a kwashe mutane daga cikin ƙasa a kai su bakin teku su koyi su, a ba manyan makiyayan tumaki hayar kwarurrukan. Gyara suka kira abin.

Da rana aka yi wasan shaho a lambu, tsuntsu ya taso daga kan hasumiya ya wuce ta saman kawunanmu har na ji iskar fiffikensa a kunne. Yara suna ta ihu. Na kalla, amma hankalina ya riga ya tafi wani wuri. Mun kwana a Golspie bayan mun ci soyayyen kifi da dankali a bakin ruwa. Watan Yuni ne, rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe goma na dare, na yi ta gyangyaɗi ina jiran Magariba.

Da safe muka hau tsaunin. Ben Bhraggie sunansa, bai kai mita 400 ba, amma gwiwar ɗan shekara hamsin da ɗoriya ta san ta hau. Hanya ta bi cikin dajin itatuwa, ƙananan ƙwarin nan masu cizo suka yi mana caa, sannan muka fito fili, iska ta kore su ta kuma nemi ta kore mu. Daga gindin mutum-mutumin, wanda na mijin Elizabeth ta biyu ne, ba ka ma ganin fuskarsa, sai tulin jan dutse da ya tafi sama. An kafa shi a 1837, shekara huɗu bayan rasuwarsa. Sarautar Duke ɗin ma a 1833 aka ba shi, bai cika shekara a kai ba ya mutu. Rubutun da ke jiki yana cewa masu hayar ƙasarsa da abokansa ne suka gina don ƙauna da tunawa. Na karanta sau biyu.

Ga abin da ya faru a bayansa, a tuddan da ya ba baya. Daga wajajen 1807 zuwa 1821 an tashi dubban mutane daga gidajen kakanninsu. A 1814 wakilin gidan, Patrick Sellar, ya shiga kwarin Strathnaver, wanda shi da kansa ya karɓi hayar wani yanki nasa don kiwon tumakinsa. Aka cinna wa jinkaye wuta don kada kowa ya dawo. A wani gida akwai tsohuwa Margaret MacKay da ba ta iya tashi, da ƙyar aka fito da ita, bayan 'yan kwanaki ta cika. An gurfanar da Sellar a Inverness a 1816, masu taya alƙali shari'a suka wanke shi tas. A 1819 aka sake wata korar da ta fi ta farko yawa. Kuma waɗannan mutanen su ne suka ba Countess 'ya'yansu maza lokacin da ta tara rundunar 93 ta Sutherland a wajajen 1800, bisa fahimtar da aka gada cewa mai ba da ɗa ba a raba shi da ƙasa.

Masana tarihi suna cewa gidan ya zuba maƙudan kuɗi a hanyoyi da gadoji da tashar su, kuma sun yi imani da gaske alheri suke yi. Ban musa ba. Sai dai ni abin da na gani, mutumin da ke kan tsaunin ba shi ne ɗan gida ba. Angon gida ne. Matarsa Elizabeth, wadda mutane suke kira Ban-mhorair Chataibh da yarensu, wadda suke ɗauka uwarsu ce, ita ce ta san komai, ta kuma sa hannu. Shi ake tsinewa don shi ake gani. A 1994 an yi gangamin neman a rushe shi, hukuma ba ta yarda ba, an kuma sha zuwa a ɓoye ana ɓalle duwatsun gindinsa. Na tambayi wani dattijo da muka tarar a saman da karensa, ya ce shi a bar shi, in aka sauke shi wa zai riƙa sa baƙi irina yin tambaya?

A gangarowa ne yaron ya ƙarasa mini salsalar. Sarautun biyu, Earl ta uwa da Duke ta uba, sun tafi tare daga magaji zuwa magaji har shekara 124 bayan rasuwar Elizabeth ta biyu a 1839. A 1963 Duke na biyar ya mutu bai bar ɗa ba, sai kowace ta bi ƙa'idarta. Ta Duke, da yake sabuwa ce ta Birtaniya, namiji kawai take bi, ta tsallaka can wani reshe na nesa, gidan Egerton. Duke na Sutherland na yau a Mertoun yake zaune, kusa da iyakar Ingila, ba shi da Dunrobin. Ta Earl kuwa, da gidan da ragowar ƙasar, ta faɗa hannun 'yar ƙanin mamacin, Elizabeth ta uku. Ta riƙe shekara 56, ta rasu a Disambar 2019 tana da shekara 98, ɗanta Alistair ya gaje ta.

Jirgin yamma ya kai mu Helmsdale, ɗaya daga garuruwan da aka tsara don korarrun su koyi kamun kifi. A da akwai kagara a nan, inda a 1567 wata Isobel Sinclair ta zuba wa Earl na 11 da matarsa guba don ɗanta ya samu sarautar, sai ɗan nata ya shigo da ƙishi ya sha, shi ma ya bi su. An share kufan don a yi gadar mota. A kan tudun da ke kallon bakin kogin yanzu akwai wasu mutum-mutumi na tagulla da aka kafa a 2007. Mutanen kwarin Kildonan da ke bayan garin suna cikin waɗanda suka haura teku a 1813 zuwa Red River a Kanada, shi ya sa aka kafa irinsu a Winnipeg. Uba ne a gaba ya miƙa ido ga teku, ɗansa ya ɗaga kai yana kallonsa, uwa rungume da jariri ta waiwaya tana duban kwarin.

Na zagaya bayanta na tsaya inda idonta ke kallo. Tudu ne kore, da tumaki. Yaron ya taɓa ni ya ce, "Kawu, saura minti goma jirgi, in ya wuce mu sai gobe."