Daga sikelin PMI zuwa shek sante

Har yau tsofaffinmu a Garwa, arewacin Kamaru, in za su ce an kai yaro awo sai su ce an tafi PMI, wato asibitin kula da uwa da jariri, ko da asibitin ya canza suna tuntuni. Sunan daga Faransa ya zo, a can aka kafa tsarin kula da uwa da jariri a 1945 bayan yaƙin duniya, sannan ya biyo Turawa zuwa nan. Mishan ma sun yi nasu, kamar asibitin 'yan Norway na Ngaundere da na 'yan Katolika na Tokombere can cikin duwatsu.

Abin da kakata ke faɗa shi ne mata sun yarda su kai 'ya'ya tun kafin su yarda su kai kansu. Sikelin nan mai ɗan wando da ake rataya jariri yana tsala ihu, malama ta rubuta kilo a karne, wato ɗan littafin asibiti, a ɗiga masa na shan inna, a yi allurar ƙyanda, wannan kam an karɓa, musamman da aka ga ƙyanda ta rage kwashe yara lokacin zafi. Amma haihuwa? Ina! Haihuwa ta ɗaka ce, ta ungozoma da wankan jego da kunun kanwa, ga kunyar ɗan fari, yarinya na naƙuda ta danne ba za ta faɗa ba sai abu ya ɓaci a ɗauko ta a moto cikin dare. Wallahi mata da yawa haka muka rasa su, wasu kuma suka tashi da yoyon fitsari.

Kuma fa ba kunya kaɗai ba ce, kuɗi ne. Bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako na 1987 aka koma biyan magani a ƙananan asibitoci, mai gida ya lissafa safar hannu da allura da kuɗin gado, ga tsoron a ce sai tiyata, sai ya ce a bari a gani tukuna.

Shi ya sa shek sante, wato takardar da mai ciki ke saya ta ɗauke mata kuɗin asibiti, da aka fara a 2015 a yankunan Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa ya faranta min rai sosai, sefa 6,000 wato jaka shida, awon ciki da haihuwa har tiyata in ta kama, da kula da uwa da jariri zuwa kwana 42. Saura hanya, don matar ƙauye da damina in mayo, wato kogi, ya cika, takardar na hannunta amma ba ta da ta ƙetarewa.