Fodkas a Legas: kafin ka sayi makirufo, saurari ɗakinka

Wanda ke fita daga Agege bayan asuba zuwa Obalende ko Apapa yana da abin da kowane mai shirin rediyo ke nema ido rufe: awa biyu, wata rana uku, yana zaune cikin danfo ko BRT, hannu ba aiki, kunne a buɗe. Bahaushe kuwa dama ma'abocin sauraro ne. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, kuma har gobe za ka tarar da mai shayi a Idi-Araba da 'yar rediyonsa kusa da tukunyar ruwan zafi. Abin da fodkas, wato shirin murya da ake saurara ta intanet, ya ƙara kawai shi ne shirin ba ya wuce ka. Kai ke zaɓar lokacin ji, ka tsayar, ka koma baya, ka ƙarasa gobe. Sunan ma ba tsoho ba ne: a 2004 wani ɗan jarida, Ben Hammersley, ya ambace shi a jaridar Guardian ta Ingila, daga sunan na'urar iPod, a 2005 kuma Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye ƙofa a manhajarsa ta iTunes.

Sauraro ba shi da wahala. Mai iPhone yana da Apple Podcasts tun daga kwali. Mai Android zai iya sauke Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, ko Pocket Casts, ko AntennaPod wadda kyauta ce kuma ba ta da talla. Idan wani ya ce ka nemi Google Podcasts, labarinsa ya tsufa, an rufe ta a 2024. Rubuta "Hausa" a wurin bincike, za ka ga shirye-shirye irin su Najeriya a Yau da Daga Laraba na gidan jaridar Aminiya, da na manyan gidajen rediyo, da kuma tarin karatuttukan malamai. Dabara ɗaya ce tilas: sauke shirin tun da dare, lokacin da intanet ke da ƙarfi, kada ka dogara da jin sa kai tsaye a hanya, don sabis yakan yanke daidai inda zance ya yi daɗi. Shirin murya na awa guda yakan ci megabayit 30 zuwa 60, alhali bidiyo mai tsawon haka ɗaruruwa yake lashewa. Ka shiga saituna ka ce manhajar ta riƙa goge abin da ka gama ji, in ba haka ba wata ɗaya ya isa waya ta fara kukan ta cika. Wayar kuma ta zauna a aljihu in mota ta tsaya a gosulo, kunne ɗaya a buɗe in za ka tsallaka titi.

To, yin naka fa? Kusan duk wanda sha'awar ta kama, tambayarsa ta farko ita ce wane makirufo zai saya. Tambayar ta zo da wuri. A Legas ba makirufo ke ɓata shiri ba, wuri ne.

Gwada wannan kafin ka kashe ko kwabo. Shiga ɗakin da kake so ka riƙa ɗauka, rufe ƙofa, kunna manhajar naɗar murya ta wayarka, ka yi shiru na minti ɗaya cur. Sai ka sa iyafis ka saurara. Za ka ji abubuwan da kunnenka ya daɗe da daina ji: fanka, gurnanin firji, janareton maƙwabci, injin jan ruwa, hon ɗin keke, lasifikar coci ko ta masallaci. Mazauna Agege ga jirgin ƙasa, na Oshodi da Mafoluku ga jiragen sama masu tashi daga filin Murtala Muhammed. Maimaita gwajin a lokuta uku: bayan asuba kafin gari ya motsa, da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, da kuma can dare. Lokacin da ya fi shiru shi ne lokacin shirinka, ko da bai yi maka daɗi ba. A damina, musamman Yuni da Yuli, in rufin kwano ne kuma sama ta haɗe, haƙura kawai.

Bayan hayaniyar waje sai amsa-kuwwa. Yawancin ɗakunan haya a nan tayil ne a ƙasa, siminti a bango, murya na dukan bango tana dawowa cikin makirufo, sai a ji ka kamar mai magana daga cikin rijiya. Tafa sau ɗaya a tsakar ɗaki. In ka ji wani ɗan "rim" ya biyo baya, akwai aiki. Maganinsa kayan laushi ne: shimfiɗa darduma ko kafet, saki labule mai kauri, jingina katifa a bangon da ke bayanka, buɗe durowar kaya ka zauna kana fuskantar rigunan. Ɗakin kwana ya fi falo nesa ba kusa ba. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ɓata lokaci ne, kyankyasai kawai zai tara maka. Kuma a sani, duk waɗannan amsa-kuwwa suke ragewa, ba sa tare ƙarar janareto. Wannan sai nisa da zaɓen lokaci.

Yanzu sai a zo kan makirufo. Iri biyu za a nuna maka a Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba. Akwai kondensa, wanda ake sayarwa da hannun ƙarfe da soso da sheƙi, shi ya fi ɗaukar ido, kuma kunnensa ya cika kaifi: duk abin da ke motsi a gidan sai ya kwaso. An yi shi ne don sutudiyo. Akwai kuma dainamik, irin wanda liman ko mai wa'azi ke riƙewa, wanda ba ya ji sosai sai abin da ke dab da bakinsa. Shi ya dace da Legas. Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x misalai ne masu kyau, don kowanne yana da ramin USB da za ka haɗa da kwamfuta kai tsaye, da na XLR, irin igiyar sutudiyo, in gaba ta yi kyau ka sayi na'urar haɗa sauti, ga kuma ramin hedifon da za ka riƙa jin kanka. Jabu na yawo, saboda haka kada ka bar shago sai an haɗa, ka yi magana, ka saurara.

In kuɗin bai kai ba, ɗan maƙale-a-riga irin Boya BY-M1 zai fitar da kai, amma shi ta ko'ina yake ji, don haka ɗakin ya zama shiru. Yana da ɗan maɓalli a jiki mai gefe biyu, na kyamara da na waya. In ka bar shi a gefen da ba daidai ba, ko dai ka naɗi shiru ko wayar ta koma amfani da makirufonta ba ka sani ba. Ƙwanƙwasa kan makirufon da yatsa a farkon ɗauka ka ga ko layin sautin ya motsa. Ita kanta wayar ba abin rainawa ba ce, in ka ɗora ta kan littattafai daidai tsayin baki, da tawul a ƙarƙashi.

Tazara ta fi tsadar makirufo muhimmanci. Duk lokacin da ka ninka nisan bakinka da shi, ƙarfin muryarka yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), ƙarar janareto kuwa tana nan yadda take. Ga dainamik, faɗin yatsu huɗu ya isa. Kada ka fuskance shi tsaf, ɗan karkatar da shi gefen baki, domin harufa irin su f da b da t suna fesa iska da ke bugun makirufo ta ba da wani "bum" mai ciwon kunne. Soso a kansa yana taimakawa. Ma'aunin shigar sauti na manhajar naɗa kuma, wanda sifili ne ƙololuwarsa, ya riƙa yawo wajen desibel -12, in an yi dariya ko an ɗaga murya kada ya wuce -6. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, wadda ta taɓa sifili ta fashe, ba mai gyara ta.

Akwai wani "zuuu" da ke addabar masu ɗauka da kwamfuta. Wutarmu tana kaɗawa ne sau 50 a daƙiƙa, kuma caja mara kyau ko wutar janareto sukan shigar da wannan kaɗawar cikin sauti. Cika batir tun da wuri, zare caja, ka ɗauka a kan batir. Haka ma waya, kada ka naɗa tana caji. Sa ta a yanayin jirgin sama, kira ɗaya ya isa ya yanke ɗaukar, sannan wayoyin baƙi su yi nisa da igiyar makirufo. Fanka kuwa a kashe. Zafi zai dame ku, shi ya sa ya fi kyau a ɗauka minti goma-goma ana hutawa, da ruwan sha a kusa.

Idan ku biyu ne da makirufo ɗaya, ku zauna kafaɗa da kafaɗa, ba a ajiye shi tsakiyar tebur ba. In baƙon yana Kano ko Sakkwato, kada ka naɗi kiran wayar, muryarsa za ta fito a shaƙe tana yankewa. Ku yi hira ta waya ɗaya da iyafis a kunne, kowa ya naɗi muryarsa da wata wayar daban, ku ƙirga ɗaya zuwa uku tare a farko don a samu wurin daidaitawa. Bayan an gama ya turo nasa ta WhatsApp a matsayin fayil, wato "Document", ba saƙon murya ba. Kuma ka gaya wa mutum ƙarara, "Alhaji, wannan duniya za ta ji," kafin ka danna. Dattijon da ya saki baki kan rikicin shugabancin kasuwa yana zaton hira ce tsakaninku, gobe shi zai zauna da jama'ar, ba kai ba.

Tacewa da Audacity ake yi, kyauta ce a kwamfuta. Ka fara kowace ɗauka da daƙiƙa goma na shiru, da shi manhajar za ta gane irin hayaniyar ɗakin ta rage. A nan sababbi ke wuce gona da iri: in ka rage fiye da desibel 12, murya takan koma kamar ana magana a cikin ruwa. Ɗan shuu a baya ya fi wannan sauƙin ji. Yanke duk sautin da kaɗawarsa ke ƙasa da haz 80, wato sau 80 a daƙiƙa, gurnani ne kawai. Cire tari da dogon shiru da maimaici, amma kada ka bi kowane "to" da "ka gane" da almakashi, sai maganar ta daina kama da ta mutum. Gaisuwa ce ta fi bukatar wuƙa. Mun saba da gaida mutanen gida da na kasuwa ɗaya bayan ɗaya, amma wanda bai san ka ba minti ɗaya zai ba ka. Faɗi abin da za a tattauna tukuna, gaishe-gaishen su koma ƙarshe. Daga nan daidaita ƙarfin sautin gaba ɗaya zuwa -16 LUFS, ma'aunin da Apple ke ba da shawara, don kada mai ji ya riƙa ƙarawa yana ragewa.

Wajen fitarwa ka tuna da datar mai sauraro. MP3, layin sauti ɗaya wato mono, kilobit 64 a daƙiƙa: shirin minti 20 zai tsaya ƙasa da megabayit 10, kuma ga magana zalla ba wanda zai ji bambanci a waya. Asalin ɗaukar ka adana ta a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, wajen megabayit 5 kowane minti, a wuri biyu.

Ba a ɗora shiri a kowace manhaja ɗaya bayan ɗaya. Wuri guda ake ajiyewa, shi kuma ya ba ka adireshin da ake kira RSS, wanda sauran manhajoji ke leƙawa su ɗauki kowane sabon kashi da kansu. Spotify for Creators, wanda a da ake kira Anchor, yana yin wannan kyauta; kunna RSS a saituna, ka miƙa adireshin ga Apple sau ɗaya, shi ke nan. Hoton shirin ya zama murabba'i, tsakanin fiksel 1400 da 3000 kowane gefe, rubutu manya, don a waya bai fi kan babban yatsa ba. Zaɓi Hausa a matsayin harshen shirin. Sunan kuma in zai yiwu ya zama babu ƙ, ɗ ko ɓ, tunda yawancin masu nema ba su da harufan a wayarsu. Waƙar wani mawaƙi a buɗe shiri, ko ta daƙiƙa goma ce, tana iya sa a sauke kashin. Ka samu mai kalangu ko gurmi ka biya shi ya kaɗa maka naka, da yarjejeniya a rubuce.

Gaskiyar magana, masu jinka na farko ba daga Spotify za su zo ba, daga zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwarku da 'yan garinku za su zo. Yanko minti ɗaya mafi zafi ka tura tare da adireshin cikakken shirin. Batun ma ya zama wanda ka fi kowa kusa da shi: yadda farashin tumatur da albasa ke tashi a Mile 12, abin da sabon zuwa Ikko ya kamata ya sani kan haya da 'yan kamasho, tarihin Zangon Agege daga bakin dattawansa. Ka tara kashi uku kafin ka saki na farko, kuma sau ɗaya a mako biyu da ba ya fashi ya fi kowane mako da zai mutu a kashi na biyar.

Kafin ka saki kowane kashi, tura shi wayarka, sa iyafis mafi araha da kake da shi, ka saurara a tashar mota ko cikin danfo, injin na ruri, kwandasta na kiran Oshodi. Duk inda ka kai hannu za ka ƙara murya, rubuta mintin, ka koma Audacity ka ɗaga wurin.