Yadda na shiga tara leza mai ruwan ɗorawa ta ɗakin gwaji

Duk wanda ya shigo ɗakina ya ga akwatunan lezar nan a kan tebur tambaya ɗaya yake yi, wai me ya sa sai yalo, ga ja ga kore ana sayarwa a kasuwa da kuɗin katin waya. To gaskiya amsar tana cikin tambayar ne. Ja da kore da shuɗi sun cika duniya saboda yin su ya yi sauƙi, amma ruwan ɗorawa har yanzu wahala gare shi, babu wani ƙaramin diyod da za ka shiga shago ka saya ka sa masa batir ya ba ka hasken yalo kai tsaye kamar yadda na ja ke yi, dole sai an bi ta bayan gida, kuma wannan zagayen shi ne ya riƙe ni har yau.

Na fara ne da 'yar ƙarama mai nanomita 593.5 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wannan lambar ce ke nuna launin leza), irin wadda ake haɗawa a Sin. Lokacin da na karanta abin da ke faruwa a cikinta wallahi sai da na yi shiru. Diyod ne na infared, wato hasken da ya wuce ja wanda ido ba ya gani, mai 808 yake haska wani ƙaramin kiristal mai sinadarin niyodimiyam, shi kuma kiristal ɗin sai ya fitar da haske iri biyu a lokaci guda, 1064 da 1342, duk ido ba ya ganinsu, sai su biyun su ratsa ta wani kiristal na daban su haɗe su zama haske ɗaya da ido ke gani, 593.5. Abu uku da ba ka gani su suka haifi wanda kake gani. Matsalar ita ce 1064 ya fi ɗan'uwansa ƙarfi nesa ba kusa ba, in ba a danne shi ba sai ya cinye komai, shi ya sa za ka ga irin waɗannan lezar suna rawa, haske ya tashi ya faɗi, musamman in ɗaki ya ɗau zafi. Ta 589 ma haka ake yinta, sai dai ita 1064 ne da 1319. Ta 561 kuwa haske ɗaya ne mai wajen 1122 ake haɗa shi da kansa, lambar ta koma rabi.

Abu na farko da zan gaya wa mai son shiga harkar nan, ba duk abin da aka rubuta wa yalo ne yalo ba. Akwai masu haɗa ja da kore a kan layi ɗaya, idonka ya ga ruwan ɗorawa a bango. Gane su ba wuya, ka samu tsohon faifan CD ka bari hasken ya faɗa a bayansa ya koma bango, kai kana gefe ba a gaba ba. In ta gaskiya ce duk ɗigon da za su fito launi ɗaya ne, in haɗi ce za ka ga ja ya ware kore ya ware. Kuma kada ka yarda da hoton waya, kamarar waya ba ta iya ɗaukar wannan launin yadda yake, wani lokaci ta mai da shi kore wani lokaci ruwan goro, ni kaina na daina tura wa mutane hoto saboda kullum sai na yi bayani.

Su kansu na gaskiyar ba launi ɗaya ba ne. 561 ta karkata wajen kore sosai, wasu ma ba sa yarda a kira ta yalo. 577 ita ce ruwan ɗorawa tsantsa a idona. 589 ta ɗan yi nauyi, ita ce launin da kake gani in ka barbaɗa gishiri a wutar gas, don sodiyam ɗin da ke cikin gishiri a 589.0 da 589.6 yake haske. 594 kuwa ta fara shiga ruwan goro. In ka jera biyu a bango ɗaya nan take za ka ga bambanci, kuma wannan jerawar tana cikin abin da ke sa mutum ya kasa tsayawa a guda ɗaya.

Wadda na fi ƙauna a cikin nawa ita ce ta bututun gas, hiliyom da niyon, mai 594. Wannan dangin tsoho ne, Ali Javan da William Bennett da Donald Herriott suka fara kunna irinta a Bell Labs a Amurka a ƙarshen 1960, a lokacin infared take bayarwa, jan da kowa ya sani mai 632.8 sai 1962 ya fito. Gas ɗin ɗaya ne, madubin da ke bakin bututun ne ke zaɓen launi, akwai kore 543.5 akwai ruwan goro 612 akwai yalo. Ƙarfinta kaɗan ne, miliwat ɗaya zuwa biyu, amma tsabtar hasken fa ba a magana, ɗigon zagayayye ne luf, ba ya rawa kamar na kiristal, kuma zafin garinmu bai cika damunta ba. Sai dai layin yalon rauni gare shi idan aka kwatanta da ja, ƙura kaɗan ko madubi ya goce kaɗan sai ka ga bututun yana ci a ciki amma ba haske a waje. Sannan wutar da take ci ba wasa ba ce, tana aiki da bolt dubu biyu ko kusa da haka, wajen tashi kuma tana neman kusan dubu goma, kuma ko ka kashe, wutar tana nan maƙale a jiki na ɗan lokaci. Ni ba na taɓa bakin wayarta sai na sauke cajin tukuna.

Ta 561 ɗin tawa na hannu ce, daga jikin injin ƙirga ƙwayoyin jini aka ciro ta. A asibitoci da jami'o'in waje ana amfani da wannan launin don haska rinin da ake sa wa ƙwayoyin halitta, in injin ya tsufa sai a wargaza shi a sayar da kayan ciki a eBay da makamantansu, a nan irinmu muke samu. Za ka ga sunaye irin su Coherent Sapphire, Cobolt Jive mai 561, Cobolt Mambo mai 594, da tsofaffin Melles Griot. A nan ne zan ja kunne sosai. Kada ka sayi kan leza, wato ɓangaren da ke fitar da hasken, babu akwatin da ke sarrafa shi. Za ka ga kan leza shi kaɗai da araha ranka ya biya, alhali yawancinsu an daidaita kowane kai ne da nasa kwanturola, ko kuma ba ya tashi sai da irin nasa da kebul ɗinsa, kuma neman kwanturolan daga baya ya kan fi kan tsada. Ka tambayi awoyin da ta yi tana aiki, don diyod ɗin ciki yana gajiya, ka nemi a nuna maka tana ci a kan mitar auna ƙarfi, ba a bango kawai ba. In mai sayarwa ya rubuta ba a gwada ba, ka ɗauka matacciya ce ka yi ciniki a kan haka.

Sai maganar zafi, wadda ita ce rabin aikin gaba ɗaya. Kiristal ɗin da ke haɗa hasken yana son zafinsa ya tsaya wuri ɗaya, a ciki akwai 'yar na'urar sanyaya shi, amma ita ma sai ta samu inda za ta zubar da zafin, shi ya sa dole a ɗaure kan a jikin farantin alminiyom mai kauri, in da hali da fanka. A watan Afrilu da rana ba na ma kunnawa, sai dare ko da asuba. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, komai nawa yana cikin akwatin roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shan laima, bakin fitar hasken kuma a rufe yake in ba aiki ake ba, kuma ba na goge gilashinta da tsumma ko da wasa. Wuta ma haka, ba na haɗa su da janareto kai tsaye, ta inbata nake bi, don ɗaukewa da kawowar wuta ba zato tana iya kashe diyod nan take. In na kunna ina ba ta 'yan mintuna ta zauna kafin in yarda da abin da mita ta nuna.

Yanzu ido. Don Allah 'yan uwa a kula da wannan. Idon mutum ya fi jin haske a wajen 555, kenan 561 tana dab da nan, miliwat ashirin nata sai ka ji kamar ya cika ɗaki. Duk abin da ya wuce miliwat 5 har zuwa 500 ya shiga ajin haɗari na 3B, wanda in ya shiga ido kai tsaye ko ya dawo daga gilashi ko agogon hannu zai iya ƙona bayan ido kafin ka ƙifta, kuma wannan ba ya gyaruwa. Likitocin ido da kansu da leza mai 577 suke ƙona jijiyoyin da ke yoyo a bayan idon masu ciwon suga, saboda jini yana shan wannan launin sosai, to ka ga abin da take iya yi in ba a hannun likita ba. Tabarau na kariya kuma ba kowanne ba, irin masu ruwan goro da ake sayarwa don kore da shuɗi yalo wucewa yake ta cikinsu, sai ka duba rubutun jiki ka ga lambar lezarka tana cikin abin da ya rufe, OD 3 na nufin ya rage hasken sau dubu. Su kuma lezar masu araha wasu ba su da matatar infared, 808 da 1064 suna bin yalon su fito kai ba ka gani. Ni dokata, haske yana ƙasa da tsayin ido, ƙarshensa yana faɗawa kan baƙin ƙarfe marar ƙyalli, ƙofa a kulle saboda yara, kuma ba na haska sama ko titi sam.

Me nake yi da su? Ina auna tazarar layukan CD da DVD da ruler kawai da lissafi, ina haska ruwan da na jiƙa tawadar maka mai ruwan hoda in ga yadda yake mai da hasken ja-ja, kuma ɗaliban sakandare na unguwa kan zo in nuna masu da 'yar mai rauni, sun ga abin da ke littafin fiziks da idonsu. In na gaya masu cewa a Paranal ta ƙasar Chile tun 2016 akwai leza huɗu masu 589, kowace wat 22, da ake harbawa sama su haska sodiyam ɗin da ke wajen kilomita 90 don a ƙirƙiri tauraron wucin gadi da ake gyara hoton na'urar hangen taurari da shi, sai ka ga sun sake kallon ɗan ɗigon da ke bango da wani ido.

Akwai waɗanda na haƙura da su. Ta gas ɗin kiripton mai 568 tana cin wuta sama da kilowat guda don ta ba ka haske kaɗan, manyan cikinsu ma har ruwan sanyaya suke so, inbata ta ba za ta ɗauka ba. Ta tururin jan ƙarfe mai 578 ita ma sai an dafa bututunta da zafi mai tsanani. Wadda nake tara wa kuɗi yanzu 577 ce ƙarama, kuma sai na samu wadda ta zo da kwanturolanta da kebul ɗinta cikakke sannan zan tura kuɗi.