"Targaɗe ne kawai"

Wata Asabar da yamma muna buga ƙwallo a filin unguwa, irin filin nan da rabinsa yashi rabinsa ramuka, na yi tsalle zan sa kai, ina dirowa ƙafar dama ta faɗa rami ta gurɗe ta ciki, na ji wani ƙas a idon sawuna. Wallahi kafin in tashi zaune mutum uku sun riga sun yanke hukunci, "targaɗe ne kawai, tashi malam", ɗaya ma har ya kama ƙafar ya fara ja ba tare da ya tambaye ni ba. Da aka kawo ni gida a babur Hajiyarmu ta leƙo ta ce "karaya ce?" aka ce a'a targaɗe ne, ta ce "to alhamdulillahi abin ya zo da sauƙi, gobe da sassafe a kai shi wurin mai gyara."

Wata biyu na yi ina ɗingishi, kuma zaman da na yi ne ya sa na fara tunanin wai ita kalmar nan me muke nufi da ita.

In ka lura, Bahaushe yana da karaya, yana da tsagewar ƙashi, yana da gocewar ƙashi, duk waɗannan an san inda suka dosa. Amma targaɗe kamar buhu ne, duk ciwon gaɓar da ba a ga ƙashi ya lanƙwashe ba sai a jefa shi ciki. Yaro ya faɗo daga bishiya ya dafa ƙasa da hannu, targaɗe. Tsohuwa ta zame a banɗaki, targaɗe. Ƙwallo ta bugi ɗan yatsan mai tsaron gida ya kumbura, targaɗe. Muna cewa ya yi targaɗe, ko ya samu targaɗe, ko ƙafarsa ta targaɗe, kuma kusan kullum da "kawai" a wutsiyarta, wato dai kalmar ta zama ta kwantar da hankali, ma'anarta a kunnenmu ita ce ba karaya ba ce, a daina kuka.

Ainihin targaɗe kuwa ba ciwon ƙashi ba ne sam. A kowace gaɓa akwai wasu jijiyoyi masu tauri kamar igiya da suke ɗaure ƙashi da ƙashi dan kar gaɓar ta wuce iyakarta, to in aka murɗa gaɓar da ƙarfi igiyar nan ce take miƙewa fiye da ƙima ko ta yage. Kuma nan ma Hausar tana ɗan rikita mu, dan mu komai jijiya ne, wadda jini ke bi jijiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya, wadda ta haɗa tsoka da ƙashi kamar agara ita ma jijiya, sai in likita ya ce jijiyarka ce ta yage mutum ya zaro ido ya zaci jini ne zai ƙare masa. Likitoci sun kasa targaɗe mataki 3. Na farko igiyar ta miƙe ne da ɗan rauni kaɗan, sati ɗaya zuwa biyu ka ware. Na biyu ta yage amma ba duka ba, ga kumburi ga jini ya kwanta fatar ta yi duhu, wannan sai ya ci sati shida. Na uku ta tsinke gaba ɗaya, gaɓar ta riƙa rawa kamar ƙofar da ƙusarta ta zare, watanni ake magana wani lokacin har da tiyata. Duk ukun nan suna ɗaya muke ba su.

Ni dai washegari aka kai ni wurin mai gyaran, dattijo ne mai kirki kuma gadon gidansu ne, ya shafa man zafi ya yi tofi sannan ya sa biyu suka riƙe ni ya murza wurin ya ja ƙafar har sai da na kira sunan kakata da ta rasu. Ya ce ta koma. Da dare ƙafar nan ta zama kamar tulu, dan babu abin da ya fita balle ya koma, igiya ce ta yage kuma muka ƙara ja mata. Sai kwana na huɗu na je asibiti, abin da likitan ya fara tambayata shi ne ko na iya taka ƙafar taku huɗu lokacin da abin ya faru, sannan ya danna bayan ƙashin idon sawun ciki da waje yana kallon fuskata. Ashe ƙa'ida ce da wasu likitoci a Ottawa ta Kanada suka fitar a 1992 dan gane wanda ke buƙatar hoton ƙashi da wanda ba ya buƙata. An yi min hoton, ƙashi lafiya lau, wanda ya raka ni har ya fara "ka gani ko, dama mun faɗa", likitan ya ce masa ai hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, nawa mataki na biyu ne. Ya ce da tun ranar farko na huta, na ɗora ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku, na naɗe da bandeji na ɗaga ƙafar a kan filo, da ban kai haka ba, kuma ruwan zafi da tausa a kwana ukun farko ƙara kumburi suke. Mu kuwa su ne farkon abin da muke yi!

Amma fa na gano dalilin da ya sa iyayenmu mata suka yarda da masu gyara haka. Akwai abin da ke samun yara 'yan shekara 1 zuwa 4, in aka fizgi hannun yaro ko aka ɗaga shi ta hannu ɗaya za a tsallake kwata, sai kan wani ƙashi a gwiwar hannu ya ɗan zame daga jijiyar da ta zagaye shi, yaro ya saki hannun ya ƙi ɗaga shi. Wannan kam juyi ɗaya wanda ya iya zai yi, a ji ƙas, bayan 'yan mintuna yaro ya miƙa hannu ya karɓi alawa. Uwar da ta ga haka da idonta wa zai ce mata targaɗe ba a jan sa? Sai dai kuma a yaran ne abin ya fi haɗari, dan wurin da ƙashinsu ke tsiro kusa da gaɓa ya fi jijiyar rauni, sau da yawa abin da aka kira targaɗe a yaro karaya ce a wurin, shi ya sa in kumburi ya yi yawa ko yaro ya ƙi takawa gara a nufi asibiti, mu a Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan.

'Yan gidan kallon ƙwallo kuma ku tuna Van Dijk na Liverpool a Oktoban 2020, ranar da Pickford na Everton ya faɗa masa a gwiwa. Da ƙafarsa ya fita daga fili yana tafiya, a filinmu da cewa za a yi "targaɗe ne kawai", amma jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, bai sake buga wasa a kakar ba. Rodri na Manchester City ma a 2024 da sanduna ya je karɓar Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, saboda irin wannan ciwon, babu ƙashin da ya karye.

Yanzu haka atisayen da aka ba ni nake yi, tsayuwa a ƙafa ɗaya, dan an ce idon sawun da ya taɓa targaɗewa in ba a ƙarfafa shi ba saurin sake gurɗewa yake. Jiya Hajiya ta fito ta same ni a tsakar gida ina goge baki a kan ƙafa ɗaya kamar shamuwa, ta tsaya ta kalle ni ta ce "wai har yanzu targaɗen ne?"